Jakar Wasiƙu daga Babban Mutum zuwa Magarya

Wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a wata firamare a Babban Mutum ne ya kira ni ya ce, "Malam, yaranmu sun fara musayar wasiƙa da 'yan ƙasar waje, ina so ka zo ka gani da idonka." Na ce wace ƙasa, Ingila ko Amurka? Ya ce Nijar. Ya ƙara da cewa an riga an aika, amsa ta zo, yanzu kuma yara na shirya na mayarwa, in na yi sauri ni zan kai da hannuna. Abin da ya tashe ni daga Kano ke nan a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke rufe gari har hantsi.

Akwai hanya mafi kusa ta Ɓaɓura, amma na zaɓi in bi ta Ɗambatta da Kazaure in kwana a Daura, domin ƙasar da zan shiga ba a fahimtarta sai an faro daga can. Ban daɗe a birnin ba. Na leƙa rijiyar Kusugu, na wuce ta ƙofar fada, da asuba na nufi tasha na shiga motar Baure.

Hanyar ta yi gabas ta ratsa Zango. An gama kaka, gonaki sun zama fili, sai karan gero da aka tsuke da harawar wake a kan rassan itatuwa. Gawo kuwa ya cika da ganye, kamar yadda ya saba, shi da ke zubar da nasa da damina ya fito da sabo da rani. Zango da Baure a yau hedikwatocin ƙananan hukumomi ne, biyu daga cikin biyar ɗin da ke ƙarƙashin masarautar Daura, amma a ƙarni na 19 kowannensu fadar sarki ce. Da jihadi ya zo, Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka yi ta ƙaura har suka kafu a waɗannan garuruwa biyu, suna ƙarƙashin inuwar sarakunan Damagaram. Sai a 1906 Turawan Ingila suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mayar da shi gadon Daura. Wato shekaru da yawa fuskar mutanen Baure arewa take kallo, can suke kai gaisuwa, can suke kai ƙara. Iyakar da ta raba su da Magarya daga baya ta zo. Tsakanin 1906 da 1908 ne Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa turaku 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Waɗannan turaku, da mutanen yankin ke kira tangaraho, su ne suka mayar da ɗan wa da ɗan ƙane 'yan ƙasashe biyu.

Na isa Babban Mutum kafin azahar. Gari ne na bakin iyaka, kuma ko ba a faɗa maka ba za ka gane: ga 'yan canji da damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗayan, ga 'yan acaɓa suna kiran Tinkim da Magarya, ga amalanken shanu da jarkoki. Ɗalibina ya tarye ni a tasha, ya karɓi jakata, muka wuce makaranta kai tsaye domin kada a tashi yara.

Ajin 'yan shekara ta biyar ne. Yara sun fi kujeru yawa, wasu na zaune a tabarma, kowa da takarda a gabansa. Yadda abin ya faro ba wani shiri ne na hukuma ba. Malamin yana da ɗan'uwa, ɗan ƙanwar mahaifiyarsa, da ke koyarwa a wata makaranta a ƙasar Magarya. A wurin wani suna suka haɗu, kowa na kukan abu ɗaya: yara suna kai ƙarshen firamare ba sa iya haɗa layi biyar na kansu. Suna kwafar abin da ke allo, suna haddacewa, amma a ce su faɗi abin da ke ransu a rubuce, sai alƙalami ya tsaya. Nan suka yanke shawarar kowane yaro a ba shi aboki a ɗaya makarantar, namiji da namiji, mace da mace. Suka kafa sharuɗɗa kaɗan. Malami zai karanta kowace wasiƙa kafin a rufe ambulan. Ba roƙon kuɗi ko kaya. Ba lambar waya. Kuma da Hausa za a rubuta, tunda waɗannan Ingilishi ake koya musu, waɗancan Faransanci, babu wanda zai gane na wani.

Na zauna a bayan aji aka miƙo mini wasiƙun da suka zo daga can. Na ɗauki ta farko na kasa wucewa da sauri. Yaron Hausa yake rubutawa tsantsa, amma da ƙa'idar Faransanci, domin ita kaɗai ya sani. Inda za mu sa u shi ou yake sawa, inda za mu sa c ya sa tch, sh kuma ya mayar da ita ch. Sai ka karanta a bayyane kafin kunnenka ya kama abin da idonka ya rasa. Malamin ya ce haka yaransa suka yi a karon farko: suka yi ta juya takarda, har wata yarinya ta fara karantawa da ƙarfi, ajin ya ɗauki sowa, domin sun ji maganar gida ta fito daga rubutun da suka ɗauka baƙo ne. Daga ranar, in ji shi, bai ƙara shan wahalar koya musu bambancin k da ƙ, ko d da ɗ ba. Su da kansu suka fara tambaya, don kada abokin ya karanta wani abu daban da abin da suke nufi.

Akwai wasiƙu uku ko huɗu da aka rubuta da ajami. Waɗannan ba su ba kowa wahala ba. Yaron da ya je makarantar allo a Babban Mutum da wanda ya je ta Magarya baƙi ɗaya suka koya, wasali ɗaya, tawada ɗaya. Boko ne ya rabu biyu a bakin tangaraho, allo bai rabu ba. Na daɗe ina riƙe da ɗaya daga cikinsu. Da irin wannan hannu kakanninsu suka yi ta aika wa juna saƙon fatauci da na ta'aziyya tun kafin a gina gidan waya ko ɗaya a ƙasar Hausa.

Me suke faɗa wa juna? Bayan gaisuwa da fatan alheri, wadda babu yaron da ya tsallake ta, sai labarin gida. Dami nawa aka samu a gonarsu. Akuyar wance ta haifi biyu. Wani ya tambayi abokinsa me ya sa a wasu shekarun suke riga mu yin salla da kwana ɗaya, alhali wata ɗaya ne a sama. Wannan tambaya ta sa malamin ya kwashe darasi guda yana bayanin yadda kowace ƙasa ke da majalisar da ke tabbatar da ganin wata. Yaran can sun cika takardunsu da kokawa, da gasar takobi da ake yi tsakanin jihohin Nijar tun 1975, da Isaka Isaka na Doso wanda ya sha ɗaukar takobin. Na nan suka mayar musu da labarin dambe da hawan sallar Daura. Wata yarinya ta rubuta cewa ranar 3 ga Agusta, ranar da ƙasarsu ta sami 'yanci a 1960, itace ake dasawa, ta tambayi ƙawarta su me suke dasawa ranar 1 ga Oktoba. Na ga amsar da ake shirin mayar mata. Yarinyar nan ta Babban Mutum ta rubuta cewa ba sa dasa komai, amma ta roƙi babanta ya ba ta wuri a bayan gida, za ta sa dalbejiya idan ruwa ya sauka.

Ina karanta waɗannan ina tuna zamaninmu. Mu ma mun yi abokan wasiƙa a sakandare. Akwai wata ƙungiya a birnin Turku na ƙasar Finlan, ana ce mata International Youth Service, wadda tun 1952 take haɗa 'yan makaranta na ƙasashe daban-daban, har ta rufe a 2008 bayan intanet ta janye mata jama'a. Za ka cike takarda, ka faɗi shekarunka da ƙasar da kake so, ka jira. Ranar da aka kira sunanka a taron safe aka miƙa maka ambulan mai ja da shuɗi a gefe, da kan sarkin wata ƙasa, ranar ba ka da sauran yunwa. Mun ƙaru, ba na musu. Mun ga hoton dusar ƙanƙara, mun gyara Ingilishinmu. Amma yawancin abotar ba ta yi nisa ba. Kuɗin kan sarki ya yi mana yawa, amsa na ɗaukar watanni, kuma bayan ka faɗi sunanka da na garinku da abincin da kake so, sai ka rasa ta cewa, domin harshen aro ne, ba ya kai ka inda zuciya take. Wani abu kuma da ya fi wannan: a ranmu mun ɗauka wanda ke can shi ne mai abu, mu ne masu nema. Da yawa cikinmu wasiƙa ta biyu ko ta uku roƙon agogo ce ko kyamara.

Akwai labarin da ya shahara a wannan fage, na Caitlin Alifirenka 'yar jihar Pensilbeniya a Amurka da Martin Ganda na birnin Mutare a Zimbabuwe. A 1997 suka fara rubuta wa juna ta hanyar makaranta. Da ta gane irin talaucin da yake ciki, ita da iyayenta suka ɗauki nauyin karatunsa har ya shiga jami'a a Amurka, kuma a 2015 suka fitar da littafi a kan abotarsu. Labari ne mai taɓa zuciya, Allah Ya saka wa masu alheri. Sai dai irinsa ɗaya ne cikin dubbai, kuma ba shi ne abin da zan so a sa wa yaranmu a rai ba idan aka ba su takarda. A ajin nan na Babban Mutum babu mai jiran a cece shi. Ɗan manomi ne ke rubuta wa ɗan manomi, kowa na da abin faɗa, kowa na da abin tambaya. A ganina wannan ita ce abotar da ke koya wa yaro mutunci tare da rubutu.

Da yamma muka zauna a bakin tasha wurin mai shayi. Wani dattijo da ya ji abin da ya kawo ni ya matso da kujerarsa. Ya ce, "Malam, ai wannan ba sabon abu ba ne, mu muka fara." Ɗan zaɓi-sonka ne na da. Ya ba ni labarin yadda suke sayen kati su cike da sunaye su aika Rediyon Kaduna, su kuma kama Muryar Sahel su ji an gaishe su daga Damagaram ko Maraɗi ko Tawa. Ka yi shekaru kana jin sunan mutum a rediyo, kuna gaisawa a iska, kafin wata rana ka shirya ka je garinsu ya sauke ka kamar ɗan'uwa. Ya ce ta haka ya sami aminin da har ya ba ɗansa 'ya. Da na ce masa yanzu ai waya ta sauƙaƙa komai, sai ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, saƙon murya yana shiga kunne ya fita. Takarda kuwa ana ajiye ta a ƙarƙashin akwati." Gaskiyarsa. Ni kuma abin da na ƙara a raina shi ne, saƙon murya na WhatsApp, da ya zama ruwan dare a ƙauyukanmu, ya raba mutane da wahalar neman mai rubuta musu wasiƙa, amma ya kuma cire wa yaro dalili mafi ƙarfi da ke sa a koyi rubutu.

Washegari aka ɗaure wasiƙun da zare, aka sa a leda saboda ƙura, aka saka a jakata. A ka'ida wasiƙar da za ta fita daga wata ƙasa zuwa wata sai ta bi ta babbar cibiyar musaya ta kowace ƙasa, wato ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kudu da yamma kafin ta dawo garin da ke nan kusa da hanci. Shi ya sa malaman biyu suka dogara da direbobi da 'yan kasuwa, kamar yadda kowa ke yi a nan. Direban da ya saba kai musu shi ya ɗauke ni. Ba ya karɓar ko sisi a kan wasiƙun. Ya ce, "Alhaji, zumunci a ƙafa yake, to ni ne ƙafar yaran nan."

A hanya ya ba ni labarin shekarun da aka sha wuya. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa a watan Agustan 2019. Aka zo aka sake rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A Janairun 2025 kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Duk wannan a manyan birane ake yanke shi, amma a nan ake jin zafinsa: kasuwa ta mutu, amarya ta kasa zuwa ganin gida, mara lafiya ya kasa kaiwa asibitin da ya fi kusa da shi. Yaran da na gani a aji sun taso ne a cikin waɗannan shekaru. Abin da suka fi ji game da ɗaya ɓangaren shi ne an rufe, an buɗe, an kama. In ba a yi wani abu ba, za su girma suna ɗaukar mutanen Magarya baƙi, abin da kakanninsu ba su taɓa yi ba.

Mun tsaya a shingen jami'an Najeriya, muka tsaya a na Nijar a Tinkim. Na nuna takarduna. Wani jandarma ya tambayi abin da ke cikin ledar, na kwance masa. Ya zaro ɗaya ya karanta a hankali, leɓensa na motsi, ya mayar ya ɗaure da kansa. Ya ce in gaida mushen, wato malamin makarantar Magarya, in ce masa 'yarsa ma tana aji biyar.

Daga nan zuwa Magarya tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Ƙasa ɗaya ce, rairayi ɗaya, rumbuna iri ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne yawan gawo. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya sun yi suna wajen barin 'ya'yan itatuwa su tashi a cikin gona maimakon a sare su lokacin sharar daji, har masana daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo. Wannan ma abin da yaro zai rubuta wa abokinsa ne, ya fi duk wani darasin kare muhalli da ke cikin littafi. A wannan gari ne wani Ba'amurke, William Miles, ya yi koyarwa a ƙarshen shekarun 1970, daga baya ya dawo ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, 'Yardaje a ƙasar Daura da Yekuwa a ƙasar Magarya, ya rubuta littafinsa Hausaland Divided da ya fito a 1994, a kan yadda mulkin Ingila da na Faransa suka sassaƙa jama'a ɗaya zuwa kama biyu. Baƙo ya zo daga wata nahiya ya yi wannan nazari. Yaran nan, da takardar kwas da biro, suna yin irinsa da kansu, kuma a kan kansu.

Mushen ya tarye mu a ƙofar lakwal, wato makarantar bokonsu. Ajinsa rumfar zana ce, an kafa allo a jikin itace. Da yaran suka hango ledar, ba wanda ya iya zama. Ya riƙa kiran suna ɗaya-ɗaya, kowa ya zo ya karɓa da hannu biyu ya russuna. Sai wurin ya yi tsit, ban da motsin takarda. Wani yaro da abokinsa bai rubuto ba saboda rashin lafiya ya sunkuyar da kai, na matsa na gaya masa abin da malaminsu na can ya ce in faɗa, cewa zazzaɓi ne kuma ya sami sauƙi. Nan take ya nemi takarda zai rubuta masa sannu.

Da aka tashi, muka zauna da mushen a inuwa. Ya ce tun a makarantar horon malamai ya ji labarin Célestin Freinet, malamin ƙauye a kudancin Faransa, wanda a shekarun 1920 ya haɗa ajinsa na Bar-sur-Loup da ajin wani malami, René Daniel, a can yammacin ƙasar, yara suna aika wa juna rubutu da ɗan abin da ƙasarsu ke fitarwa. Hujjar Freinet ita ce yaro ba ya rubutu da gaske sai ya san akwai mai jiran karantawa. "Mun karanta shi don jarrabawa," in ji mushen, "ban taɓa zaton a gidan yayar uwata zan sami ajin da zan gwada ba."

Maganar ta kai mu ga harshe. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma a 2025 sabon kundin ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A Najeriya an amince a 2022 cewa a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai kuma a ƙarshen 2025 aka janye wannan manufa aka koma Ingilishi. Ba ni da ja da koyon Ingilishi ko Faransanci, yaranmu na buƙatar su, kuma mushen ma ya ce suna shirin kowane yaro ya riƙa ƙara layi biyu a ƙasan wasiƙarsa da harshen makarantarsu, abokin ya nemi fassara wurin malami. Amma abin da na gani a ajujuwan nan biyu ya isa hujja: yaron da ake cewa ba ya iya rubutu ya cika shafi guda, gaba da baya, ranar da aka bar shi ya rubuta da harshen da yake mafarki da shi, zuwa ga wanda zai amsa masa.

Na kwana a Magarya, na juyo da wata ledar, domin wasu yaran ba su iya jiran mako ya zagayo ba. Na damƙa ta a Babban Mutum na kama hanyar Ɓaɓura zuwa gida.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma kusan duk inda ka tsaya a kanta akwai makaranta a wannan gefe da wata a wancan. Illela na kallon Birnin Ƙonni, Jibiya na kan hanyar Maraɗi, Kongwalam na kusa da Matamaye, Kamba na maƙwabtaka da Gaya. Malam, ko Malama, in kana koyarwa a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, da wuya a ce ba ka da ɗan'uwa ko suruki ko abokin karatu da ke riƙe da aji a tsallake. Nemi izinin hedimasta da na iyayen yara, ka sayi takarda da ambulan, ka sami direban da ka yarda da shi, ka fara da aji ɗaya a wannan zangon karatu.